Totuwa a Tafin Ƙafar Ummi

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ba don ina jin daɗin tuna wannan abu na zauna rubuta shi ba. Malam, maigidana, shi ya matsa mini. Ya ce tunda bakina ba ya gajiya da ba wa mata labarin a gidan suna da gidan biki, gara in rubuta shi sau ɗaya in huta, su ma su huta. To ga shi nan, musamman ga duk macen da take riƙon ɗan wani.

Sunana Rabi. A Gumel nake aure shekara ashirin da 'yan kai, kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. Ƙanena Habu, wanda muke ciki ɗaya, yana Maigatari yana dillancin dabbobi. Da matarsa Zulai ta yaye 'yarsu ta biyu, sai ya ɗauko ta da 'yan kayanta a ƙulle cikin zani ya kawo mini, ya ce, "Yaya, ga uwarmu na dawo miki da ita." Sunan mahaifiyarmu yarinyar ta ci, shi ya sa duk cikinmu babu mai iya kama sunanta, Ummi muke ce mata. Zulai ba ta ce uffan ba ranar. Kara ta yi mini, na sani sarai, kuma tun daga ranar nake tsoron wata rana za a zo a ce in ba da yarinyar.

Da wannan tsoron na raine ta. Ɗan riƙo kowa ido yake sa masa. In ya rame a ce ba a ba shi abinci, in aka gan shi ba takalmi a ce ai don ba ita ta haife shi ba. Na yi rantsuwa ba za a faɗi haka a kaina ba. Ummi ba ta taɓa cewa ta ƙoshi na yarda ba. Koko da ƙosai da safe, in ta dawo daga makaranta shinkafa da mai, da la'asar fanke da lemon kwalba, tuwon dare kuwa tsayawa nake yi a kanta sai ta suɗe kwano. Ta yi ɓul-ɓul. In mun je Maigatari mata su yi ta cewa, "Kai, Rabi ta iya kiwo!" ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Takalmi kuma, tun tana tatata ban bar tafin ƙafarta ya san ƙasa ba. Ko a tsakar gida sau-ciki nake sa mata har da safa. 'Ya'yan maƙwabta suna ta tsalle a yashi ƙafa ba takalmi, tawa tana gefe tana kallo kamar 'yar gwamna. In zan saya mata kuma, wanda ya fi ƙafarta nake zaɓa a gwanjo, in cusa tsumma ta gaba, wai ta girma a ciki.

Saura mako bakwai babbar salla, tana aji uku, shekararta tara, ta fara dawowa daga makaranta tana jan ƙafa. Sai ta yar da jaka a bakin ƙofa ta zube a tabarma.

"Goggo, ƙafata ciwo."

"Wacce?"

"Duka biyun. Nan ciki, da nan baya." Ta nuna tsakiyar tafin da sharaɓarta.

Na ce son jiki ne. Kwana uku tana faɗa ina korar maganar. A na huɗu malamarsu ta aiko cewa kullum sai an gama taron safe Ummi take isowa, yara sun ce zama take yi a gindin darbejiya a hanya. Ranar na ɗauki mafici na zuba mata uku a gadon baya. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina ta rufe ni.

A mako na biyu Malam ya gano abin da ni ban gani ba. Tela ne, idonsa ya saba da abin da ya karkace. Ya ɗaga takalminta na makaranta ya ce, "Rabi, zo ki gani. Duk ta ciki ya cinye, ya kwanta gefe ɗaya." Na ce ai gwanjo ne, haka suke. Amma da yamma ta fito daga wanka ta manta silifas ɗinta, ta taka simintin tsakar gida da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai idona ya sauka a kan sawunta.

Sawun mutum yana da ɗan wuri ta ciki da ba ya taɓa ƙasa. Nata babu. Tun daga dunduniya har yatsu a cike yake, shafe guda. Na jiƙa tawa ƙafar na taka kusa da nata, na ga nawa da kwarminsa. Na sa ta tsaya ta ba ni baya, sai na ga idon sawunta duka biyu sun karkato ciki, kamar katangar da ruwa ya ci gindinta.

Abu ɗaya ne ya faɗo mini, shan inna. A ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar akwai wata sa'ata da muka tashi tare, muna 'yar gala-gala da ita wannan shekara, wata shekarar tana rarrafe da takalma a hannu. Na san duk ɗigon rigakafin da aka zo yi an yi wa Ummi, katinta yana cikin adakata. Amma mai jin tsoro ba ya duba kati.

Malam ya ce, "Abu biyu za ki yi. Ki kai ta asibiti, ki kuma kira ubanta."

"Asibiti na ji. Habu kam a'a. In ya ji, gobe war haka motarsa tana bakin lungun nan."

"Rabi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ai ranar wankan ba ta zo ba tukuna."

Ya girgiza kai ya tafi shago. Ni lissafina ɗaya ne. Habu ba ya samun sukuni in salla ta gabato, raguna ne a gabansa, ba zai leƙo Gumel ba sai washegarin salla. In na gyara ƙafar kafin nan, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Amma duk ranar Alhamis in kasuwar Maigatari ta tashi yakan kira ni. Wannan Alhamis ɗin ma ya kira.

"Yaya, ya uwar tawa?"

"Lafiya lau, tana nan tana ta ƙiriniya."

Ita ce ƙarya ta farko, kuma ban ji ta yi mini nauyi a baki ba.

A mako na uku na kai ta asibiti. Muka yi sammako, muka yanki kati, muka hau layi. Jama'a ba masaka tsinke, benci ya cika, wasu a ƙasa wasu a tsaye. Tun hantsi muna nan har rana ta take. Saura mutum biyar a kira mu, sai na hango wata 'yar Maigatari a ƙarshen layi, maƙwabciyar Zulai ce, gidansu katanga ɗaya. Ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba. Na kama hannun Ummi muka sulale ta ƙofar baya. Da na ƙara haƙurin rabin sa'a, da wannan labarin a nan ya ƙare.

Daga nan na koma hannun mata. Kowacce da nata ilmin. Wata ta ce sanyi ne, a dafa sassaƙe. Wata ta ce a riƙa tsoma ƙafar a ruwan zafi da gishiri. Wata ta ce a ƙunsa mata lalle da kanwa. Wata ta rage murya ta ce yarinya mai kyan jiki irin wannan, baki ne ya kama ta. Duk na yi. Na sayo man zafi da ƙwayoyi a kemis, na yi hayaƙi har Malam ya ce gidan ya koma kamar wurin gashin kifi. In ta huta ciwon ya lafa, in ta je makaranta ta dawo ya dawo. Sawun kuwa yana nan yadda yake, don kullum sai na jiƙa ƙafar na sa ta taka na duba. Alhamis biyu suka ƙara wucewa, duka na ce lafiya lau.

A mako na biyar maƙwabciyata Iya Ladi ta ce akwai wani tsoho mai ɗori a wani ƙauye gaba da Gagarawa, ƙashin da ya farfashe ma haɗa shi yake yi, balle wanda ya ɗan kwanta. Ranar Lahadi na ce wa Malam za mu je gaisuwa. Ɗinkin salla ya sha masa kai, ko ɗago ido bai yi ba. Muka hau motar haya zuwa Gagarawa, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da mu.

Zan faɗi gaskiya a kan tsohon nan, don ba na son in ɗauki alhakinsa. Da ya lallatsa ƙafar ya juya ta, cewa ya yi, "Hajiya, wannan ba karaya ba ce, ba kuma targaɗe ba. Ni aikina karaya."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri. 'Yar amana ce. Saura mako biyu da 'yan kwanaki ubanta ya zo."

Ya sake juya ƙafar. Can ya ce, "To, ƙashin tsakiya ne ya zauna. Sai dai a gwada ɗaga shi. A fara da ta hagu, in ta tashi a yi wa ta dama."

Ya aika aka kawo totuwar masara busasshiya, ya yanke ta daidai faɗin tafin. Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya kara totuwar a daidai inda kwarmin ya kamata ya kasance, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau. Ummi ta ƙwalla ƙara. Ya ce kwana bakwai kada a kwance, kada ruwa ya taɓa, kuma ta riƙa takawa a kai, nauyinta ne zai tura ƙashin sama. Bai yanka mini kuɗi ba, abin sadaka na ajiye masa a gefen buzu.

Ni da hannuna na riƙa kama ta ina zagayawa da ita tsakar gida, safe da yamma, tana taka totuwar nan tana kuka. Ina ce mata, "Daure, uwata, saura kaɗan." In Malam zai shigo sai in kwantar da ita in rufe ƙafar da zani, in ce magani na ƙunsa mata. Rana ta uku ta daina yarda ta taka. Rana ta huɗu yatsun suka kumbura suka yi sheƙi. Iya Ladi ta leƙo ta ce ai alamar ƙashin yana motsi ke nan.

Rana ta biyar Alhamis ce. Jikinta ya yi zafi rau, yatsun sun fara duhu, kuma in na matso ina jin wani ɗan wari da na yi ta gaya wa kaina na man shanu ne. Habu ya kira. Wannan karon ya ce, "Ba ni ita mu gaisa, na kwana biyu ban ji muryarta ba."

Na toshe wayar da tafin hannu, na sunkuya a kunnenta. "Ki ce lafiya lau. In kika ce ba ki da lafiya tafiya zai yi da ke, ba za ki ƙara ganina ba." Na kara mata wayar. Hawaye na bin gefen fuskarta yana shiga kunne, ta ce, "Baba, lafiya lau." Duk abin da na yi a jinyar nan, wannan ne wanda har yanzu nake neman gafarar Allah a kansa kullum.

Washegari da safe Malam ya dawo ɗaukar wani yadi da ya manta. Yana shiga ɗakin ya tsaya cak. "Warin me nake ji?" Bai jira amsata ba ya yaye zanin. Ya yi salati, ya zaro almakashi daga aljihu ya datse tsumman. Totuwar ta nutse cikin nama. Da ya cire ta, da fata ta taho, ruwa da mugunya suka biyo baya. Na zame na zauna a ƙasa. Bai zage ni ba, bai ko kalle ni ba. Ya saɓa Ummi a kafaɗa ya ce, "Ɗauko mayafinki."

A asibiti ba mu bi layi ba, ganin ƙafar kawai aka yi aka wuce da mu. Wata nas mai kaurin murya ta ce, "Wane mara imanin ne ya yi wannan aikin?" Na ce, "Ni ce." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta ci gaba da wanke ciwon. Bakinta ba daɗi, amma ban taɓa ganin hannu mai sauƙi irin nata ba, Allah ya saka mata da alheri. Aka ba mu gado, aka sa ruwa, aka fara allurai. Komai kuwa sai an rubuto ka fita ka sayo, auduga, filasta, har safar hannun da za a taɓa ka da ita. Malam ya yi ta zarya, ɗinkin mutane yana can a yashe.

Matar da ke jinya a gadon kusa da mu, ba ta san tana kashe ni ba, ta ce ɗan ƙanwarta ma haka aka ɗaure masa hannu a wurin ɗori, da aka kawo shi sai yankewa aka yi. Da likita ya zo zagaye na tare shi.

"Likita, don girman Allah, za a yanke?"

Saurayi ne, bai fi a ce ni na haife shi ba. Ya ce, "Mama, da kin ƙara kwana biyu, ban san abin da zan ce miki ba. Yanzu dai mu ga yadda yatsun za su yi zuwa jibi."

Nas ɗin ta koya mini in riƙa danna farcen babban yatsa. In ya yi fari ya dawo ja da wuri, jini yana zuwa. Kwana biyun nan ba ni da aikin da ya wuce wannan. In danna, in saki, in ƙura ido. Ina salla hankalina yana kan farce. Ina ganin Ummi a raina da sanda, ina ganin kaina ina miƙa wa Zulai 'yarta da ƙafa ɗaya. Tsoro irin wannan ban taɓa jinsa ba, ko ranar da mahaifiyarmu ta rasu. A rana ta uku likita ya danna da kansa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙafa ta tsira." Na fashe da kuka a gaban kowa.

Sai da zazzaɓin ya sauka sannan likita ya tambayi mafarin abin. Na kwashe duka na gaya masa, har da shan innar. Ya sa Ummi ta sauko ta dafa gado ta tsaya a kan ƙafar dama. Tafin ya shimfiɗe a ƙasa kamar kullum. Ya ce, "To yi ɗage, ki tsaya a kan yatsu." Tana ɗagawa, sai ga kwarmi ya fito, kyakkyawa, kamar na kowa.

"Kin gani? Ƙashinta lafiyarsa ƙalau. Mu filat fut muke ce masa, shimfiɗaɗɗen tafi. In na shiga aji ɗaya a firamare na ce kowa ya cire takalmi, ba zan rasa irinta ba, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Yawancinsu ma ba su san suna da shi ba."

Ya ce duk jariri haka ake haihuwarsa, kwarmin daga baya yake fitowa in yaro yana girma yana guje-guje, wasu kuma ba ya fito musu har tsufa, suna zaune lafiya. Shan inna daban ne, da zazzaɓi yake zuwa, ƙafa ta saki lokaci guda. Na ce to me ya sa nata yake ciwo? Ya ce galibi gado ne, wasu kuma gaɓoɓinsu ne masu laushi. Sannan ya dubi Ummi, ya ɗaga takalminta da ke ƙarƙashin gado ya zaro tsumman da na cusa.

"Ba na ce ke kika jawo ba, Mama. Amma jikinta ya yi wa ƙafar nauyi. Takalmin nan kuma ya fi ta, ƙafar yawo take yi a ciki. Tana wasa a ƙasa ba takalmi?"

"Ko sau ɗaya."

"To a bar ta ta yi. Yashin garin nan ma ya ishe ta magani."

Wato abin da na yi shekara bakwai ina yi don kada a zage ni, shi ne ya taru a tafin ƙafar yarinyar. Na rasa inda zan sa fuskata.

Duk da haka, da Alhamis ta zagayo muna asibiti, na fita bayan ɗaki na ce wa Habu lafiya lau, hayaniyar da yake ji gidan suna muke. Malam yana tsaye ya ji ni. Ranar Asabar ya zo da kwanon abinci ya ajiye ya ce, "Na kira shi. Amanar nan ba a wuyanki ke kaɗai take ba."

Washegari Habu da Zulai suka iso, saura kwana kaɗan salla, ya bar ragunansa a hannun abokin sana'arsa. Zulai ta wuce kai tsaye ta durƙusa a bakin gado ta riƙe ƙafar da aka naɗe, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta gaishe ni har ƙasa, "Yaya, ya mai jiki? Sannu da ɗawainiya." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Likita ya sake yin bayani, ya ce wa Habu ya cire takalmi. Yana takawa sai ga tafi shimfiɗe, irin na 'yarsa sak. Habu ya ce, "Ikon Allah! Shekara talatin ina bin shanu da ita har cikin Nijar, ban san cuta gare ni ba." Har Ummi sai da ta yi dariya. Ni kuwa sai na ji wani ɗan sanyi, na ce a raina tunda gadonsa ne, wataƙila na tsira.

Bayan azahar Habu ya ce in zo. Muka tsaya a inuwar wata bishiya a harabar asibitin. Ƙanena ne, ni na goya shi, amma ranar kasa haɗa ido na yi da shi.

"Yaya, ƙafar ba laifinki ba ce, ga ta nan a jikina. Totuwar ma na san tsoro ne ya sa ki. Amma Alhamis biyar ina kiranki. Har ita kika sa ta ce mini lafiya lau." Sannan ya ƙara da cewa, "Uwarta ba ta taɓa roƙona komai a kan yarinyar nan ba sai jiya. Ba zan ɗauke ta da ciwo ba, asibiti ya fi kusa da ku, kuma babu mai yi mata jinya kamarki. In ta warke ki gaya mini, in zo in tafi da ita. Akwai makaranta a can."

Na juya na koma bakin gadon Ummi.

Aka sallame mu bayan salla da kwana biyu. Wata ɗaya da rabi na yi ina jinyarta a gida. Duk bayan kwana biyu mu je wankin ciwo, mu hau layin nan da na taɓa gudu. Da fata ta fara rufewa aka tura mu wurin masu gashin ƙashi, suka koya mata ta riƙa dafa bango tana miƙe sharaɓa, tana yin ɗage, tana tsince ƙwallon dabino da yatsun ƙafa tana zubawa a kwano. Na sa aka juye mini buhu biyu na yashi a tsakar gida. Na rage fanke da lemo, ta yi ta fushi tana cewa Goggo ta daina sonta. Malam ya kai ta kasuwa da ƙafarta aka gwada mata takalmi daidai ita. Kwarmin bai fito ba, sun ce ba lallai ya fito ba, amma ciwon ya tafi.

Ga abin da nake so mata su riƙe. In kin ga sawun ɗanki a cike, sa shi ya yi ɗage. In kwarmi ya fito kuma ba ya kukan ciwo, ki ƙyale shi ya yi wasansa. In yana ciwo, ko ƙafar ta sandare ba ta lanƙwasuwa, ko ɗaya ce kawai, ko ta kumbura, asibiti za ki, ki zauna a layin ko wa kika gani a wurin. Kada ki bari a ɗaura masa komai. In kuwa ɗan wani ne a hannunki, ki kira iyayensa tun ranar farko. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa duk wanda ya tsaya mana.

Habu bai fasa kiran Alhamis ba. Yanzu tambayarsa ɗaya ce, "Ya ƙafar?" In ce da sauƙi, saura kaɗan, kuma gaskiya ce. Har aka zo wata Alhamis da la'asar, ina zaune a bakin ɗaki, Ummi tana ɗan-malele a kan yashi da 'ya'yan Iya Ladi, ta tashi ta bi ɗaya da gudu har zaure ta kamo ta. Wayar ta yi ƙara a cinyata. Ba wanda ya duba tafin nan sai ni. Da na ce saura mako biyu, zai yarda. Da na ce saura wata ma, zai yarda. Har na shirya maganar a bakina.

"Yaya, ya ƙafar?"

Na ce, "Ta warke, Habu."

Can ya ce, "To. Sai Asabar."

Ranar Asabar na yi mata kitso, na haɗa kayanta, na rubuta wa Zulai yadda ake miƙe sharaɓar da sau nawa a rana. Motar ba ta iya shigowa lungunmu, a bakin titi Habu ya tsaya, tafiya ce mai ɗan nisa. Ummi ta rungume ni ta ce, "Goggo, in an yi hutu zan zo." Na ce to. Ban raka ta ba, a ƙofar gida na tsaya.

Wata uku ina roƙon Allah abu ɗaya, ya nuna mini yarinyar nan tana tafiya ba ɗingishi. Ya kuwa nuna mini. Tun daga ƙofar gidana har bakin titi idona yana kan ƙafafunta, ba ta ja ko ɗaya ba, ba ta tsaya hutawa ba. Ta kai, ta buɗe ƙofa da kanta, ta shiga motar ubanta.